Ma'aikatan Kotu Da Amanar Yara Da Marayu

   

Duk sa'ad da a ke zancen shari'a, ko a zaure ko a rumfar kasuwa, alƙali kaɗai a kan ambata. In hukunci ya yi daɗi a ce alƙali adali ne, in ya yi ɗaci a ce ya karkata. Ba safai a ke tunawa da mutanen da su ke zaune ƙasan kujerarsa ba, watau magatakarda, da mai kai sammaci, da tafinta, da ma'aji, da ma'aikacin jin daɗin jama'a wanda a kan aika gidaje bincike. Ni kuwa na yi shekara talatin da ɗoriya ina karantar da yara, an kuma sha kirana kotu shaida saboda almajiraina. Abin da na gani da idona shi ne, hakkin yaro ya fi salwanta a hannun waɗannan mutane bisa ga hannun alƙali, a hannunsu kuma ya fi kuɓuta.

Dalili kuwa a fili ya ke. Baligi mai hankali in an cuce shi ya san ƙofar kotu, ya san ya buɗe baki ya faɗi hujjarsa, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Amma yaro ɗan shekara biyar ba ya kai ƙara, ba ya kāre kansa. Sau da yawa ma ba ya cikin ɗakin ranar da a ke yanke gidan da zai girma a ciki. Alƙali bai san shi ba sai ta abin da aka rubuta masa, da abin da aka gano aka gaya masa. In wanda ya rubuta ya rage, ko wanda aka aika bai je ba, to, alƙali ko da ya kai Shuraihu adalci, a kan ɓata zai yi hukunci.

Abin Da Magabata Suka Shimfiɗa

Kada mai karatu ya zaci wannan magana baƙuwa ce wadda Turawa suka zo da ita. Malamanmu na mazhabar Maliku sun riga sun yi ta tun da daɗewa. Duk wanda ya karanta babin hukunci a Muhtasar na Shehu Halilu ya san an umurci sabon alƙali, in ya hau aiki, ya fara duba al'amarin waɗanda su ke tsare, daga nan sai wasiyyai da dukiyar yara, tun bai saurari masu jayayya a kan bashi da ciniki ba. An kuma ce ya sa a yi shela kada kowa ya yi mu'amala da maraya a cikin dukiyarsa sai an kawo maganar gabansa. A wannan babi ne kuma aka sharɗanta cewa magatakardan alƙali ya zama adali, aka ambaci muzakki wanda a ke aikawa ya binciko halin shaidu a asirce, aka ambaci tafinta. Ibnu Asimi, alƙalin Garnaɗa ta Andalus, ya bi waɗannan mas'aloli a cikin Tuhfa, littafin da alƙalanmu su ke riƙe da shi har yau. Sayyidina Umaru kuma, a wasiƙarsa zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, ya gargaɗe shi cewa gaskiyar da aka furta ba a zartar da ita ba ba ta amfanar kowa. To, wa ke zartarwa? Ai ba alƙali ne ke tashi daga kujera ya bi lungu ba.

A ƙasarmu, a zamanin En'e, alƙali yana da muhutinsa mai taimakonsa da rubutu da duban littattafai, yana da 'yan aikensa, mai unguwa da dagaci kuma su ne idonsa cikin gari. A 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano domin horar da masu wannan aiki. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, wadda Shehu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. A 1968 kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnati. Daga shekara ta 2000 kuma, farawa da Zamfara, jihohi da dama suka faɗaɗa ikon kotunan Shari'a. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya bar maganar aure da riƙon yara da wasiyya da gādo na Musulmi a cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke dubawa. Sunaye sun sāke, tufafi sun sāke, amma aikin da amanarsa suna nan yadda su ke.

Alƙalamin Magatakarda

Mu fara da magatakarda, wanda yanzu a ke kira rajistara, da akawun da ke ƙarƙashinsa. Shi ne ke karɓar ƙara, ya sa mata rana, ya ajiye takardunta, ya fitar da kwafin shari'a in an nema. Mutum zai ce wannan aiki ne na tawada kurum. Bari in kawo mas'ala guda, ku ga nauyinsa.

A mazhabarmu, in aure ya mutu, riƙon yaro, watau hadana, hakkin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Haka ya ke a Risala ta Ibnu Abi Zaidin. In uwa ta rasu, ko ta auri bare, sai riƙo ya koma ga kakar yaro ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Amma Halilu ya ce in wanda riƙo zai komo gare shi ya san uwa ta yi aure, ya yi shiru har shekara ta cika ba da wani uzuri ba, to, hakkinsa ya faɗi. Ashe ke nan ranar da aka shigar da ƙara hujja ce mai zaman kanta. In mai ƙara ya zo a wata na goma sha ɗaya, akawu ya ce masa je ka dawo, je ka dawo, har shekara ta juya, ko kuwa ya zo bayan shekara aka mayar masa da kwanan wata baya saboda ɗan abin goro, to, an canza gidan da yaro zai tashi alhali alƙali bai ko ji maganar ba tukuna.

Har wa yau, kotun sama ba ta ganin fuskar kowa, takarda ta ke karantawa. Kafin alƙali ya yanke hukunci wajibi ne ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. In ya yi, ba a rubuta ba, a wurin kotun sama kamar bai yi ba ne, sai a rushe hukunci a ce a sāke shari'a daga farko. Manya su kan iya jira. Amma wata shida a rayuwar jariri mai shan nono ba ɗaya ya ke da wata shida a rayuwar dattijo ba.

Ƙafar Mai Kai Sammaci

Na biyu shi ne mai kai sammaci. Ba a yi wa mutum hukunci sai an kira shi ya ji abin da a ke faɗa a kansa. Alƙali kuwa ba shi da hanyar sanin an kira ko ba a kira ba, sai abin da ma'aikacinsa ya dawo ya shaida masa.

Ga abin da ya faru ina gani. Wani almajirina yana da ƙanwa 'yar shekara huɗu a hannun uwarsu, a wani ƙauye mai nisa da titi. Uwar ta yi sabon aure. Uban ya kai ƙara yana neman 'yarsa, kakar yarinyar ta wajen uwa kuwa tana nan da ranta da lafiyarta, ita ce kuma mai hakki. Aka ba da sammaci har sau biyu. Wanda aka aika ya ga damina ce, hanya ta ɓaci, bai je ba, ya dawo ya ce sun ƙi karɓa. Aka yi hukunci a bayan idonsu, aka ɗauke yarinya aka kai ta gidan da ba ta san kowa ba. Da kakar ta zo mini tana kuka, na raka ta muka ɗaukaka ƙara. Neman kwafin shari'a kaɗai ya ci mana watanni. Daga baya an mayar mata da jikarta, amma ranar da na ga yarinyar ta rame, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa. Alƙalin nan ban san shi da zalunci ba. Ƙaryar mutum guda ce, wadda ba ta fi kalma uku ba, ta jawo wannan duka.

Harshen Tafinta

Na uku shi ne tafinta. Kotunanmu su kan karɓi Bafillatana wadda ba ta jin Hausa sosai, da Babarbariya, da Banufiya. A manyan kotuna kuma da Turanci a ke magana, uwa Bahaushiya tana tsaye ba ta san abin da a ke faɗa a kan ɗanta ba. In mace ta ce ta bar wa uba yaro ya yi hutun makaranta, tafinta ya ce ta bar masa yaro, ya yar da sauran maganar, to, ya mai da aro kyauta. Shi ya sa malamai suka sharɗanta amana ga tafinta kamar yadda suka sharɗanta ta ga mai ba da labarin da za a gina hukunci a kansa. In yaro ne da kansa a ke tambaya, nauyin ya ninka, domin yaro in aka daka masa tsawa sai ya faɗi abin da ya ga a ke so ya faɗa.

Akwatin Ma'aji Da Dukiyar Maraya

Na huɗu shi ne ma'aji, da waɗanda a ke aikawa ƙidayar kayan mamaci da kimanta su. Ciyar da yaro da tufatar da shi wajibin uba ne ko da yaron yana hannun uwa, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna. Sau da yawa alƙali ya kan ce uba ya riƙa kawo kuɗin wata wata kotu, uwa ta zo ta karɓa. In ma'aji ya riƙe, ko ya sa ta yi zuwa uku kafin ya ba ta, kuɗin mota ya cinye rabin abin da aka yanka, tukunya kuwa ba ta san an ɗaga rana ba.

Dukiyar maraya ta fi wannan haɗari. Halilu ya jera abubuwan da sai sun tabbata kafin alƙali ya sayar da gida ko gonar maraya: a tabbatar maraya ne, ba shi da wasiyyi, abin mallakarsa ne, shi ne kuma ya fi cancanta a sayar cikin abin da ya mallaka, shaidu su je su nuna iyakarsa, a kai shi kasuwa a yi tallarsa, a rasa mai ƙari, kuɗin kuma ya zama daidai da kimarsa. Ku duba da kyau, jama'a. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, ƙafar ma'aikaci da idonsa ne ke tabbatar da shi.

A nan ma ina da abin da na gani, amma na alheri. Wani mai rumfar yadi ya rasu ya bar 'ya'ya uku ƙanana, babbansu yana karatu wurina. Wani daga cikin dangi ya matsa a sayar da gidan, ya kawo mai saye, ya kawo dillalin da ya yi masa kuɗi. Wani dattijon ma'aikacin kotu aka aika. Bai tsaya a zaure ya sha ruwa ya juya ba. Ya shiga ya ƙirga ɗakuna, ya kira mai unguwa da maƙwabta, ya nemo waɗansu dillalai biyu waɗanda ba su san mai sayen ba. Ya koma ya gaya wa alƙali cewa kuɗin da aka yi wa gidan ya gaza kimarsa nesa, kuma akwai shago a jikin gidan wanda hayarsa za ta ci da yaran, babu larurar sayarwa. Aka bar gida. Yau yaron nan magidanci ne, a cikin gidan ya ke da iyalinsa da ƙannensa. Dattijon kuwa ya bar aiki da kekensa da ya shiga da shi. Allah ya saka masa da Aljanna.

Idon Ma'aikacin Jin Daɗin Jama'a

Na biyar shi ne ma'aikacin jin daɗin jama'a, mace ko namiji. Shari'a ta sa wa mai riƙon yaro sharuɗɗa: hankali, da amana, da iya ɗawainiya, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa, da wurin zama mai tsaro, musamman ga 'ya mace da ta tasa. Waɗannan ba a gane su a zauren kotu, inda kowa ya kan zo da wankakkiyar riga. Sai an je gida an ga inda yaro ke kwana, an tambayi malaminsa ko yana zuwa makaranta, an dubi jikinsa. Gani ya kori ji. Wannan aiki ɗan'uwan aikin muzakki ne na littattafanmu.

Dokar Hakkin Yara ta Tarayya ta 2003 ta ƙarfafa wannan. Ta kafa Kotun Iyali, inda alƙali ko majistare ke zama da mataimaka biyu, ɗaya daga cikinsu masanin halin yara. Ta hana 'yan kallo shiga in ana shari'ar yaro, ta hana a buga sunansa ko hotonsa ko makarantarsa. Ta ce in yaro ne a ke tuhuma da laifi, a binciko asalinsa da halin gidansu kafin a yanke abin da za a yi da shi. Jihohi kowace ta kan yi tata dokar, Kano ta sa hannu a kan Dokar Kāre Yara a 2023. Malamai sun yi magana a kan waɗansu sassa na dokar Tarayya, wannan zance ne na wata rana. Amma rufa asirin yaro, babu mai jayayya a kansa. Ma'aikacin da ya karanta takardar yarinyar da aka yi wa ɓarna, ya fita ya ba da labari a wurin mai shayi, ko ya ɗauki hoton takardar ya watsa ta waya, ya yi mata ɓarna ta biyu wadda za ta bi ta har ranar aurenta.

Nasiha

Adalci ne in faɗi uzurinsu. Da yawansu albashinsu kaɗan ne, a kan aike su ƙauye ba a ba su kuɗin mota ba, sai mai ƙara ne zai biya. Wanda ya biya kuɗin tafiya kuwa ya kan zaci ya sayi matafiyin. Saboda haka ina roƙon Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta kowace jiha, wadda ita ke ɗaukarsu aiki, ita ke horonsu, ta ƙayyade kuɗin sammaci a manna a bango kowa ya gani, a riƙa ba da rasit, a koya musu babin hadana da nafaƙa da hajru ko da a taƙaice. Masu duba kotuna kuma in sun zo zagaye, su fara buɗe littafin kuɗin marayu, kamar yadda Halilu ya ce a duba dukiyar yara tun ba a saurari masu jayayya ba.

Ku alƙalai, Allah ya taimake ku, kada ku karɓi "na je ban same shi ba" a maganar yaro sai da sa hannun mai unguwa ko shaidar maƙwabci.

Mu malamai, mu ne muka fi kowa sanin yaran nan. Mun san wanda ya zo da yunwa, mun san wanda ya zo da shatar bulala. In an kira mu shaida kada mu ce kotu ba wurin mutumin kirki ba ce, domin ɓoye shaida zunubi ne da nassin Alƙur'ani. Kowane almajiri kuma mu rubuta sunan ubansa da uwarsa da garinsu da ranar da aka kawo shi, mu ƙarfafa iyaye su karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, domin ranar da aka yi jayayya a kan shekarunsa ita za a nema.

Ku 'yan kasuwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikaci ba ya karɓa sai an miƙa masa. Kada ka sayi gidan maraya da araha don ka san wanda zai yi masa kuɗi. In kana bin mamaci bashi ya bar yara, ka sani shaidu kaɗai ba su ishe ka ba, sai ka ƙara da rantsuwa cewa ba a biya ka ba, ba ka kuma yafe ba. Shari'a ta sa wannan ne domin wanda ka ke ƙara ba shi da bakin musu. Kai kuma tun kana da rai ka rubuta abin da a ke binka da abin da ka ke bi, ka naɗa wa 'ya'yanka wasiyyi amintacce a gaban shaidu, kada ka bar su ga sa'ar wanda za a aika.

Ku kuma ma'aikatan kotu, 'ya'yana da ƙannena, ku karanta aya ta 6 da ta 10 na Suratun Nisa'i, ku ga yadda aka yi umurni da kafa shaidu ranar miƙa wa maraya dukiyarsa, da irin azabar da aka tanadar wa mai cin ta da zalunci. Sunanku ba ya fita a takardar hukunci, yaron da kuka tsare wa hakki watakila har abada ba zai san ku ba. Amma akwai magatakarda biyu a kafaɗun kowannenku, su kuwa ba su mayar da kwanan wata baya.

Allah ya ba shugabanninmu mataimaka na gari, ya jiƙan iyayenmu, ya raya zuriyarmu bisa tafarkin gaskiya.